Da Ido Ɗaya Na Je Akra

A gadar Malanbil, inda Nijar ta ƙare Binin ta fara, nan na gane sunana bai iya ninƙaya ba, a hayin kogi na baro shi. A Boɗinga in aka ce ga Bube Maganin Bahago, mai shayi ƙara madara yake yi ba a roƙe shi ba. A nan na faɗa wa jandarma sunan, har da ɗan gyaran murya. Ya ce in buɗe jaka. Ya zaro zarena na dambe, ya yi ta warwarewa, sannan ya tambaye ni da gurguwar Hausa ina akuyar da zan ɗaure.

Kafin mu yi nisa, bari in faɗa muku abin da na shekara goma sha ɗaya ina ɓoyewa. Idona na hagu ba ya gani. Ina saurayi, muna kayar da wani bijimi a kasuwar Shagari, ya fizge, bakin igiya ya tsula mini a ido. Idon ya warke fes. Yana juyawa, yana ƙiftawa, in an yi rasuwa har hawaye yake zubarwa, amma aiki kam ya ajiye shi. Yayana Altine kaɗai ya sani.

To a dambenmu hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, shi ne mashi, shi ke duka. Ɗayan a buɗe yake a gaba, garkuwa ne kawai, ka ture, ka tare. Wanda ya ɗaure dama, naushinsa ta hagunka yake zuwa, unguwar da ni ba ni da maigadi. Bahago kuwa ta damata yake aikowa, inda nake ganin naushi tun yana shawarar tasowa. Saboda haka in mai dama ya nuna ni a fage, sai in yi dariya, in girgiza kai, in ce ya je ya ƙara cin tuwo. Al'ada ta yarda, ba a yi wa ɗan dambe dole. In bahago ne kuwa, kafin ya sauke yatsa na shigo. Makaɗa suka ce tsabar jarumta ce, wai naman da kowa ke gudu shi nake ci. Ban taɓa gyara musu ba.

A damben kaka na Shagari wani Alhaji Mai-Tabarau ya same ni. Ya ce mutanen Gana na marmarin ganin damben gargajiya, da kalangu da komai, in zo kawai da zarena. Na tambaye shi ko akwai bahagwai a can. Ya ce ai rabin ƙasar bahagwai ne. Yaya Altine ya ce kada in je. Na je.

Daga Malanbil wani ɗan kamasho ya rantse mini ya samo mini kujerar gaba a mota mai sanyi. Kujerar gaban ashe saman buhunan albasa ce a bayan tirela, sanyin kuma iskar Allah. Kwana biyu ina kuka ba mutuwa aka yi ba. A Paraku wata mai doya ta ga yadda nake tafiya kamar an ɗaure mini turmi a ƙugu, ta ba ni tabarma a gindin rumfarta na miƙe baya, ta kora mini kaji. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Da zan tafi na yi mata godiya irin ta gida, har da durƙuso, ta yi ta dariya tana kiran maƙwabta su zo su gani.

Kwatano ce ta fara koya mini tsoro na gaske. Babura ne a garin nan kamar an fasa gidan tururuwa, kuma duk sun haɗa baki ta haguna suke fitowa. A gida in zan tsallaka titi juya kai ɗaya nake yi, in ga motar Yabo ta wuce, shi ke nan. A nan na tsaya bakin titi tun hantsi har inuwata ta shige ƙarƙashina. In na juya in duba hagu, dama ta cika. Sau biyu na sa ƙafa, sau biyu iskar babur ta ɗage mini riga ban ga mai shi ba. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai kwandon abarba a ka ta kama hannuna, hannun nan da ya kwantar da Bahagon Dingyaɗi, ta ja ni kamar tunkiyar layya har hayi.

A Lome na ga teku. Ba zan ce komai a kanta ba, sai dai wanda ya ce muku ruwa ne ƙarya yake yi. Wata halitta ce mai numfashi. Har muka isa Aflawo, bakin iyakar Gana, fuskata na kallon ɗaya tagar.

A Akra Alhaji ya tarbe ni da fara'a, ya karɓi katina na shaida wai zai yi mini takardu, ya kai ni wata unguwar masunta. Muka shiga wani fili mai rufin kwano. Na dudduba ban ga kalangu ba, ban ga yashi ba. Wani dandamali na gani an kewaye shi da igiyoyi, da buhuna rataye ana ta jibgarsu ba su yi wa kowa laifi ba.

Na ce, "Alhaji, ina fagen?"

Ya ce, "Ga shi kana kallo."

"Wanga ai damben Turawa ne."

"Dambe ai dambe ne, Bube. Safar hannu kawai za a sa maka, har ta fi zare laushi."

Na ce a ba ni katina in koma. Ya ce kati yana ofis, ofis kuma sai bayan wasa. Har takardar likita ya nuna mini, da sunana, an buga hatimi cewa lafiyata ƙalau, idanuna biyu garau. Wannan likita ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganina ba, amma ya yi mini abin da asibitin Sakkwato ya kasa.

Alfarma ɗaya Alhaji ya yi mini. Ya ce cikin 'yan damben wurin mutum uku ne nauyinmu ɗaya, in zaɓa. Ya haɗa ni da wani dattijo mai koyar da su, Baba Isa, mutumin zango, unguwar Hausawa, wanda ya ce kakansa daga wajen Sakkwato ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausarsa ta sha ruwan teku, amma ranar da na ji ta kamar an ba ni fura.

Na zauna kan benci kwana biyu ina kallo. Wannan shi ne ainihin sana'ata, ba dukan ba. Na farko dogo ne, hannuwansa kamar gorar tsinko mangwaro, rawa yake yi a kan yatsun ƙafa, ya taɓa ka ya gudu. Ni da gajeren hannu sai in yini ina binsa. Na biyu gajere, ba wuya, kai kawai aka aza kan kafaɗa. Sunkuyawa yake yi ya shigo jikinka yana sussukar haƙarƙari, a buge shi ya ce a ƙara. Dukansu dama suke ajiyewa a baya. Na uku kuwa, Tete, siriri, shiru-shiru, da ya tsaya sai na ga ya miƙo dama gaba, ya ɓoye hagu a baya.

Zuciyata ta yi sanyi. Bahago! Na san a damben Turawa hannun gaba ma yana duka, ina gani a talabijin a majalisar masu nama. Amma a idona ɗan taɓe-taɓe ne, irin na korar sauro. Garkuwa ai garkuwa ce ko an sa mata safa.

Na ce, "Baba, wancan."

Baba Isa ya dube ni. "Ɗana, kowa gudun Tete yake yi."

"Ni ma haka ake gudun su a gida, ni ke kwashe su."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, Alhaji ya riga ya tafa, ya kira mai hoto. Washegari hotona da na Tete na manne a kowane bango, har bangon bayan gida.

Kwana uku kafin wasa Baba ya ja ni bakin ruwa wai in yi gudu a yashi. Na tsaya nesa da halittar nan ina 'yan tsalle-tsalle. Can na hango Tete cikin masunta yana gyaran kwalekwale. Gatari ne a hannunsa yana sassaƙa. Na ƙura ido. Hannun dama. Ya ajiye gatari ya ɗauki guduma, dama. Wani kare ya zo shinshina kifinsu, ya ɗauki dutse ya jefe shi, dama, kuma bai kuskure ba. Ni mahauci ne, na san nama. Na dubi damtsen damansa, na dubi na hagu. Na dama ya yi biyun ɗayan.

Na ce, "Baba, wanga ba bahago ba ne?"

Ya ce, "Wa? Tete? Tsayuwar bahago dai yake yi. Tun yana ƙarami ya karye a hagu, sai na juya shi, na sa mai ƙarfin a gaba. Ai shi na so in gaya maka. Hannun gaban nan shi ke ciyar da gidansu."

Na zauna a yashi. Wato da bakina, cikin mutum uku, na zaɓi wanda mashinsa ke tsaye taku ɗaya daga makahon idona, ba sai ya yi doguwar tafiya ba. A gida da sai in girgiza kai in yi dariya. A nan wa zan girgiza wa kai, bango?

Na ari wayar Baba na kira Yaya Altine. Ina jin kukan shanu a bayansa, ranar kasuwar Shagari ce, har ƙamshin tsire na ji ta waya, wallahi.

"Bube? Mi ya hwaru? Muryarka kamar ta ɗan akuya."

Na gaya masa komai. Sai ya rufe ni da faɗa.

"Kai, ijiya guda gare ka. Guda! In anka hwashe ta, wa ka ja maka sanda? Ni? Da shanu za ni ji ko da kai?"

"Yaya, katina na hannunsu."

"To ka hwaɗa musu gaskiya mana."

"In na hwaɗi, kahin in iso Jega labari ya riga ni Boɗinga."

"To zauna nan ka ci suna. Inna na tambayar ka, mi za ni ce mata?"

"Ce mata ina lahiya, ana ta girmama ni."

"Allah shi shirye ka," ya ce, ya kashe.

Kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. Duk abin da na kalla sai in ce ko kallon ƙarshe ne. Na yi ta kallon tafin hannuna, da ƙofar masallacin zango, da wata kaza mai wuya ba gashi. Na gwada rufe idon dama in taka daga tabarma zuwa randa, na yi karo da bango, na zauna ina karanta duk abin da na haddace tun na allo.

Bayan la'asar aka yi wasan, a wani fili, jama'a har kan rufin gidaje. Aka sa mini safa biyu. Hannuna na hagu, wanda tunda aka haife shi bai taɓa dukan kowa ba, ya ji kansa cikin safa ya rasa abin yi, sai ya rataye kamar baƙo a gidan biki. Aka cusa mini wata roba a baki. Aka buga ƙararrawa.

Na yi tsayuwarmu ta gida, na buɗe ƙafa, na ja dama baya can. Jama'a suka kwashe da dariya. Ina kallon hagun Tete, don shi nake iya gani, yana nan kwance bai motsa ba. Sai na ji tau! a kunci. Na waiga in ga wa ya jefe ni. Tau! a kunne. Tau! a haɓa. Mutum na gabana tsaye, ban ga ya yi komai ba, amma ana ta dukana kamar aljanu sun yi mini taron dangi. Na saki damata da dukkan ƙarfin Boɗinga. Da ta same shi da sai dai a tsinto shi a Lome. Ba ta same shi ba. Na juya sau ɗaya da rabi, na tsinci kaina ina fuskantar alƙalin wasa, shi ma ya ɗaga hannu yana karewa.

Sai na yi wautar da tsoro ke sa mutum. Na karkata kai hagu don idona mai gani ya hango hannun nan. Na hango shi kuwa. Shi ne abin da na gani na ƙarshe da kyau: jar safa, tana girma.

A cikin idon dama ta sauka.

Da aka buga ƙararrawar hutu, da lalube na sami kujera. Baba Isa na danna mini wani ƙarfe mai sanyi a gira, yana cewa, "Ya kumbura, amma ba komai, ka yi aiki da ɗayan."

Na tofar da robar. "Baba, babu ɗayan."

"Me ka ce?"

"Babu shi. Shekara goma sha ɗaya babu shi."

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Innalillahi." Ya ce zai jefa tawul a tsayar da wasa. Na ji muryar Alhaji daga ƙasa yana ihu kada wanda ya kuskura, an yi kokawa da tawul ɗin ma, ina jin numfashinsu. Kafin su gama ƙararrawa ta buga, wani ya janye kujerar daga ƙarƙashina.

Na miƙe. Duniya ta rage mini kamar tsagar ƙofa, siririn haske ja, shi ma yana rufewa. A cikin tsagar nan na ga inuwar Tete na matsowa. Na san naushi ɗaya ya rage a kan idon nan, daga nan sai sanda. Na ga kaina zaune a ƙofar gidanmu ana aza mini kwano a cinya ana cewa ga miya nan ta dama.

A dambenmu in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, wasa ya ƙare. Ba a taɓa kashe ni ba. Ranar nan, ba wanda ya taɓa ni, na durƙusa na dafa ƙasa da hannu biyu.

Ashe su nan ba a gamawa haka. Alƙali ya tsaya kaina yana ƙirga da Turanci, a hankali, yana ba ni lokaci in tashi. Jama'a na ihu, ledojin ruwa na sauka a bayana. Alhaji na kiran sunan kakannina. Ni kuwa na riƙe ƙasar nan kamar za a ƙwace mini ita. Ban taɓa sanin daga ɗaya zuwa goma tafiya ce mai nisa haka ba. Kafin ya kai ƙarshe tsagar ta rufe ruf.

Duhu. Rana na dukan ƙeyata, ina jin zafinta, amma duhu.

Na ji Baba na magana da sauri da yarensu. Sai wani ya durƙusa gabana, yana haki, yana warin zufa da kifi. Safa ta taɓa fuskata a hankali. Ya yi wata magana.

Baba ya ce, "Tete ne. Ya ce me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce kana so ka sa shi ya makantar da mutum ya kwana da abin har ya mutu?"

Tete ya aza hannuna a kafaɗarsa, ya ratsa da ni cikin masu jifa, yana daka musu tsawa. A asibitin unguwa likita ya ce kumburi ya yi yawa, ba zai iya ganin cikin idon ba, sai ya saɓe. Ko zai gani ko ba zai gani ba, a jira.

Gidan uwar Tete aka kai ni, Anti Dede, mai ƙyafe kifi. Kwana huɗu na yi a tabarmarta. Na san safiya da hayaƙi, na san azahar da Baba Isa, wanda kullum yake zuwa ya juya ni gabas. Rana ta biyu ya sa mini katina a hannu. Ya ce masunta takwas ne suka raka shi wurin Alhaji, ofis ya buɗe nan take, ashe a aljihu yake. Na so in yi dariya, fuska ta hana. Anti Dede na gasa mini ido da tsumma, tana yi mini faɗa da yarenta tun safe har yamma, tana ɗura mini kunu mai yaji. Tete kan zo ya zauna kusa da ni shiru, sai in ji ya tura mini kifin da ya cire wa ƙaya. Yaya Altine ya kira sau bakwai. Tambaya ɗaya yake yi: "Ka ga wani abu?" In ce tukuna. Sai ya ce, "To," ya daɗe bai kashe ba, ina jin numfashinsa.

Ban yi barkwanci ko ɗaya ba a kwana huɗun nan. Wanda ya san ni ya san abin da wannan ke nufi.

Rana ta biyar da hantsi Anti Dede ta gama gashi, ta sa yatsu biyu ta ɗaga fatar idon. Na ce, "Wayyo, Mama, a hankali!" Zafi ya soke ni har ƙeya. Sai ja. Sai fari-fari kamar an zuba nono a ruwa. Farin ya yi ta tsinkewa, ya zama bakin wata roba shuɗiya. A bakin robar nan ga wani ƙuda zaune, ƙato, kore, yana murza hannuwansa kamar ɗan kasuwar da ciniki ya faɗa masa. Ina ganin fikafikansa. Ina ganin 'yan gashin ƙafarsa.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, tun ina tatata nake yaƙi da ƙuda, na kashe wanda ya fi mutanen Akra yawa. Anti Dede ta ɗaga tsumma za ta make shi. Na cafke hannunta a sama, ban kuskure ba.

Na ce, "Bar shi, Mama. Don Allah bar shi in gama kallo."